Ƙarafa Huɗu a Gindin Randar Inna Hansai

Ranar Talata, sha ɗaya ga Afrilu, 1978, jim kaɗan bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Hajiya Hansai, mai sayar da gishiri da kanwa a Babbar Kasuwar Kaduna, a ɗakinta da ke Unguwar Kanawa. A lissafin watan Musulunci uku ga Jimada Awwal ne, ko da yake limamin unguwarmu ya ce huɗu, bisa ganin wata, ban kuwa yi masa gardama ba. An yi mata sutura bayan la'asar. Ba wanda ya san shekarunta daidai. Ita dai takan ce an haife ta a shekarar da jirgin ƙasa ya fara isa Kano, in kuwa haka ne ta kai sittin da bakwai. Daga Allah muka fito, kuma wurinsa za mu koma.

Na fara rubuta wannan ne a zauren gidanta, a kan tabarmar zaman makoki. Sunana Sanda. Masu zuwa gaisuwa daga nesa sun yi ta tambaya ko ni ne ɗanta na biyu, ni kuwa ba na iya barin kuskure ya zauna, ko da mai daɗin ji ne. Ba ita ta haife ni ba, ba mu kuma haɗa jini ta kowace fuska ba. Mahaifina ɗan dako ne a tashar jirgin ƙasa, yana haya a ɗakin da ke jikin wannan zauren. Mahaifiyata ta riga shi rasuwa, shi ma ya bi ta ina da shekara shida. Da aka tashi daga makokinsa aka rasa wanda zai tafi da ni, sai ta leƙo daga cikin gida ta ce a miƙo mata yaron da tabarmarsa. Iyakar abin da aka yi ke nan. Ba a kira shaidu ba, ba ta kuma yi shawara da kowa ba.

Inna, daga nan da ke zan yi magana, don ban iya ba da labarinki kamar ba kya nan ba tukuna.

Kin sha fama da ni. Yaro ne ni mai tsoron kuskure fiye da tsoron duka. In kin aike ni da mudun gishiri gidan maƙwabta, sai na dawo daga rabin hanya na sake aunawa. In na kulle miki shago, sai na juyo daga bakin titi na girgiza kwaɗon, wani lokaci in sake juyowa. Wata uwar da ta kai ni wurin mai magani. Ke kuwa suna kika sa mini, Malam Sake-Duba, sannan kika mai da halin ya zama aiki. Ni ke duba ɗinkin buhuna in an sauke kaya, ni ke leƙa murhu in ga ko wuta ta mutu. Da matan kasuwa suka fara yi mini dariya kika ce da su, "Ku ƙyale mini shi. Tun da ya zo gidana ba a taɓa barin ƙofa a buɗe ba."

Cikin kwanakin nan na ji abubuwan da ban sani ba game da ke. Wata tsohuwa daga Unguwar Dosa ta ce tun da mijinta ya rasu ba ta sake sayen gishiri ba, kullum in ta miƙo kuɗi sai ki ce ba ki da canji, ta dawo wani makon. Matan Fulani masu tallar nono sun zo a jere, suka ce a rumfarki suke ajiye ƙoransu in za su shiga kasuwa, kuma ba a taɓa mayar musu da ƙwarya ba tare da ƙullin kanwa a ciki ba. Wannan ban gani da idona ba, amma mutane da yawa sun faɗe shi iri ɗaya, don haka na rubuta. Abin da na gani da idona shi ne ranar da zan tafi jami'a a Zariya. Kin raka ni har tashar Kawo, kika cusa mini ƙullin gishiri a cikin akwati. Na ce miki ai ana sayar da gishiri a Zariya. Kika ce, "Ana sayarwa. Ka san hannun wa ya bi?"

Akwai abin da ya daɗe yana cina, wanda ban taɓa gaya miki ba, ko da yake yanzu na gane kin sani. Ina shiga cikin gidan nan ne saboda kina ciki. Ɗanki Dauda, wanda ya girme ni, ya yi aure, matarsa Safara'u tana cikin gida, ni kuma na zama baligi wanda ba muharraminta ba. Muddin kina zaune a ƙofar ɗakinki, ba mai cewa don me na wuce zaure, ai wurin Inna na zo. Amma na san ranar da babu ke, ba ni da dalilin wucewa. Zan zama mutumin da ake shimfiɗa wa tabarma a waje a aiko masa da ruwa. Dauda bai taɓa faɗa mini magana marar daɗi ba, dole in faɗi wannan. Sai dai in zai nuna ni ga abokansa direbobi, cewa yake, "Ga yaron wajen Inna." Gaskiya ya faɗa. Ni kuwa nakan kwana ina juya ta.

Sauran abin da zan faɗa game da mota ne, kuma ina roƙon masu karatu su yi haƙuri, don ban san wata hanyar da zan bayyana ki ba in ba ta nan ba.

Sana'arki ta dogara ga mota. Gishiri na zuwa ta jirgin ƙasa, Dauda ya kwaso shi daga tasha zuwa kasuwa, daga nan ya rarraba shi kasuwannin ƙauye. Motarku ta farko tsohuwar a-kori-kura ce da kika saya a hannun wani. Gishiri ya cinye ta. Da damina buhu kan jiƙe, ruwan gishirin ya zuba ta tsakanin ƙarafa, ya haɗu da taɓon hanya a ƙarƙashi, tsatsa ta yi ta ci daga ƙasa ba mai gani. Injinta lafiya lau, amma sai da ta kai Dauda na ganin titi yana gudu ta tsakanin ƙafafunsa. Ƙarshenta ranar wata Talata, ana cin kasuwar Kawo, bayan motar ya ɓurme, buhu ya faɗo tsakiyar hanya ya fashe. Kafin Dauda ya tsaya, awaki sun kewaye shi. Da ya dawo gida yana ba ki labari ransa a ɓace, sai kika tambaye shi ko awakin sun ƙoshi.

A watan Janairun bara kika sayi sabuwa, fara sol. Tun ranar da aka kawo ta aka fara gardamar abin da za a shafa mata a ƙarƙashi kafin damina. Dauda yana son kwalta, irin baƙin fenti mai kauri da ake fesawa a manyan garejoji, a yi sau ɗaya a huta. Datti mai walda da fenti, wanda garejinsa ke bayan layinmu, ya ce jan fentin da ake shafa wa ƙofofin ƙarfe ya fi. Tsofaffin direbobin tasha kuwa suka ce ba abin da ya kai baƙin mai, wato tsohon man inji da aka juye, a haɗa shi da giris a shafa da burushi, sai dai ruwa na wanke shi a hankali, dole a sabunta kowace shekara.

Kin saurari kowa. Sai kika aika direban motar haya ya same ni a makaranta ya ce Inna na nemana maza. Ina shekarar ƙarshe a lokacin, ina karatun kimiyyar sinadarai. Tun daga Zariya har Kaduna ina lissafin cututtukan da kan kama tsofaffi farat ɗaya. Na iso na same ki zaune a ƙofar gida kusa da motar, kina ɓare gyaɗa.

"Malam Sake-Duba," kika ce, "ba a koya muku abin da ke cin ƙarfe ba a can?"

Na ce an koya mana.

"To ga ƙarfe. Wanne za a shafa?"

Na yi bayani mai tsawo, wanda na tabbata ba wanda ya bi shi har ƙarshe. Na ce kwalta tana rufe ƙarfe sosai, amma in dutse ya tsaga ta ruwa kan shiga ya ɓuya a ƙarƙashinta. Na ce mai yana ratsa lungu, amma ba ya daɗewa, kuma yana lalata roba in ya taɓa ta. Na ce jan fenti yana da kyau a ƙofa, amma ban san yadda zai yi da gishiri ba. A ƙarshe na ce ba zan iya zaɓa ba sai an gwada. Dauda ya ɗaga hannuwa sama ya ce an kira mutum daga Zariya ya zo ya ce bai sani ba. Ke kuwa kika kaɗe ɓawon gyaɗa daga zanenki kika ce, "To a gwada."

Datti ya yanko mana faranti huɗu daga ƙofar tsohuwar motar, kowanne kamar tafin hannu, ya goge su har suka yi fari. Aka shafa wa ɗaya kwalta, ɗaya jan fenti, ɗaya baƙin mai da giris. Na ɗauki ƙusa na karce kowanne daga sama zuwa ƙasa, a madadin dutsen hanya. Wurin ajiyewa ne ya dame ni, don rani ake, ba inda ke da danshi. Ke ce kika warware wannan. Kika ce gindin randa ba ya bushewa rani da damina. Muka jera su a kan jiƙaƙƙen yashin da randar ke zaune a kai, kika ɗauki alkawarin yayyafa musu gishiri kowace safiya.

Sai kika nuna na huɗun da yatsa. "Wannan fa, an manta da shi?"

Na ce da gangan aka bar shi. Ba za a shafa masa komai ba, don a ga abin da ke faruwa in an bar ƙarfe haka nan, a kwatanta da sauran. Haka ake yi a ɗakin gwaji.

Kika daɗe kina kallonsa. "Maraya ke nan," kika ce. Safara'u ta shige ɗaki.

Daga nan na riƙa zuwa duk Juma'a ina tsuguno a gindin randa. Ba a jima ba jan fenti ya fara kumbura a bakin karcen. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na huɗun. Ƙarfen da ba a shafa wa komai ba ya kamata ya riga kowa yin ja, amma sai na same shi sumul, ko ɗigo babu. Na canja masa wuri. Na ƙara masa gishiri da hannuna. Mako ya zagayo, yana nan yana sheƙi. Na koma Zariya na buɗe littattafai, na tambayi malamina ko akwai irin ƙarfen mota da gishiri ba ya kamawa, ya ce in ma akwai, ba a ƙofar tsohuwar a-kori-kura ba. Har na fara zargin Datti ya yanko shi daga wani abu dabam, na je na tambaye shi cikin ladabi, ya ce in je in auna ramin da ke jikin ƙofar. Na kuwa auna.

Ranar da na gane, hancina ne ya gaya mini. Na ɗaga farantin kusa da fuskata, sai na ji ƙanshin man gyaɗa. Na juya. Kina zaune kina tsince shinkafa, kin dage ba za ki ɗago kai ba.

"Inna, wa ke taɓa wannan?"

"Wanne?"

"Na huɗun."

"Ɗan kaɗan nake shafa masa," kika ce. "Da safe kawai. Sauran kowa da rigarsa, shi kaɗai a kwance tsirara cikin gishiri. Ni ba zan iya wucewa ina ganinsa ba."

Na ce kin ɓata gwajin. Na faɗa da murya mai ƙarfi fiye da yadda na saba yi miki magana, don watanni na yi ina zargin idona da littattafaina. Safara'u ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ke kuwa kika ce in dai ana son ganin yadda ƙarfe ke lalacewa in ba mai kula da shi, ai ba sai an gwada ba, ga tsohuwar mota can a garejin Datti, in je in kalla.

A farkon Afrilu muka ɗauko su don yanke shawara. Zan faɗi sakamakon yadda yake, don ba na son a ce na gyara shi saboda ta rasu. Jan fenti ya faɗi, Datti ma da kansa ya yarda. Kwalta ta tsare fuskar ƙarfenta tsaf, sai dai da na ɓamɓare gefen karcen na ga tsatsa ta ɗan kutsa ƙarƙashi. Baƙin mai ya rufe nasa karcen, amma ya yi siriri a gefuna, tsatsa ta fara leƙowa. Tsakanin kwalta da mai ba zan iya cewa ɗaya ya kayar da ɗaya ba. Na ce tunda haka ne, a yi kwalta, don ta fi sauƙi, kuma zan gama karatu a tura ni hidimar ƙasa inda ban sani ba. Dauda ya ce yau dai ni da shi bakinmu ɗaya.

Muna tsakar gida, kina kan kujerarki, Datti yana tsugune a bakin zaure. Kika ce, "Mai za a shafa."

Dauda ya ce, "Inna, kowace shekara fa ke nan."

"Kowace shekara, kafin ruwan farko. Kuma Sanda ne zai riƙa shafawa. Kai ba ka duba lungu."

"In an kai shi Ikko fa?"

"Ba jirgi a Ikko?"

Na sa baki na ce a gaskiya gwajin bai nuna mai ya fi kwalta ba. Kika ce kin ji, ba ki ce ya fi ba. "Kwalta sau ɗaya ake yi, a sallami mai yi ya tafi. Ni ba na son aikin da ake sallamar mutum." Sannan kika juya wurin Safara'u kika ce burushi da gwangwanin haɗi a ɗakinki za su zauna, bayan gado, ba a gareji ba. Datti ya ce ai zai iya ajiyewa a wurinsa, ya fi kusa da ramin da ake shiga ƙarƙashin mota. Kika ce kin gode, a ɗakinki za su zauna.

A lokacin na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Sai da na yi nisa da gida na fara fahimta.

Mun yi shafin farko a makon nan. Aka wanke ƙarƙashin motar da ruwa mai yawa, aka bar ta a rana ta bushe sarai, don in aka shafa mai a kan danshi an rufe ruwan ke nan a ciki. Aka hau da ita kan ramin Datti. Na shiga da burushi, sanye da tufafin aikin Dauda, na bi ƙarafan da ke ɗauke da jikin motar ɗaya bayan ɗaya, da cikin madigadi, da duk inda ƙarfe biyu suka haɗu. Na kauce wa birki da robobi da salansa. Ke kuwa kika sa aka ɗauko miki kujera 'yar tsuguno har gareji, wurin da mata ba sa zuwa, kika zauna a bakin rami kina nuna mini wuraren da ba kya iya gani. "Can ta hagunka. Ka duba?" Na ce na duba. "Sake duba." Makanikai suka yi ta dariya. Kin kuma sa an shimfiɗa katako da tamfol a bayan motar don kada buhu ya sake taɓa ƙarfe, wannan dabararki ce ke kaɗai, kuma a ganina ta yi aikin da bai gaza na man ba. Na fito baƙi ƙirin tun daga gashi. Kika dube ni kika ce yau ne karon farko da kika ga karatun jami'a a jikin mutum, kika aika a sayo sabulun salo.

Na gama karatu a watan Yuni, aka tura ni Ogoja koyarwa a wata sakandare. Can ruwa na sauka da wuri. Ranar da aka yi ruwan farko a watan Maris ina cikin aji, motar ta faɗo mini a rai, sai da na tuna wa kaina cewa na Kaduna yana baya. Duk da haka ana ba da hutu na kamo hanya, ban ko tsaya karɓar wanki ba. Na iso ranar Juma'a na same ki a kwance, kin rame har na kusa kasa gane hannunki. Kin daɗe kina jinya, amma kin hana a rubuto mini. Dauda ya ce duk lokacin da ya kawo zancen sai ki ce, "Kada ku tayar masa da hankali. Lokacin mai ya kusa, zai zo da ƙafarsa."

Na zauna a bakin gadonki. Abin da kika fara tambaya shi ne ko na ga hadari a hanya. Na ce an yi yayyafi a wajen Akwanga, amma bai jiƙa ƙasa ba.

"To ka yi sauri," kika ce.

Na ce sai kin warke, ki zo ki zauna a bakin rami.

"Motar ba ta san ba ni da lafiya ba, Malam Sake-Duba."

Ban je ba. Na zauna wurinki kwanakin da suka rage, ina ba ki ruwa da cokali, ina karanta miki abin da ya sawwaƙa. Ina riƙe da hannunki lokacin da kika cika, Dauda yana ɗaya gefen yana laƙƙana miki kalmar shahada. Da kwalta aka shafa, da ina Ogoja, da labarin ya same ni a takarda bayan an yi kwanaki da binne ki. Wannan ba ra'ayi ba ne, abin da ya faru ne.

Da muka dawo daga maƙabarta na ɗauki tabarmata na shimfiɗa a zaure, ban sake wucewa ciki ba. Ba wanda ya ce in fita, ba kuma wanda ya ce in shiga. Dauda ne ke fito mini da abinci. Nakan ji muryar mata a tsakar gida, in ji ƙarar moɗa a bakin randa, in zauna inda nake. Na riga na shirya a raina cewa bayan sadakar bakwai zan yi sallama da kowa in koma, in na sake zuwa Kaduna in sauka a gidan wani abokin karatuna, in riƙa leƙowa gaisuwa daga waje kamar yadda ya dace.

Jiya aka yi sadakar bakwai. Bayan an watse, wajen la'asar, gabas ta yi duhu, iska ta taso da ƙanshin ƙasa. Dauda ya fito ya tsaya a bakin zaure yana kallon sama. Mutum ne marar yawan magana, kin sani. Sai ya ce, "Wannan ba zai sauka yau ba. Amma ba zai kai mako ba." Na ce haka nake gani. Ya ce ya riga ya gaya wa Datti ya share rami, ya kuma sa an wanke motar tun da safe don ta sha rana.

Na ce to a fito mini da burushi da gwangwanin.

Ya juyo ya dube ni. "Wa zai fito maka da su? Kai ba ka san inda take ajiyewa ba?"

Na miƙe na tsaya a bakin ƙofar shiga gida na yi sallama. Na sake yi. Daga ciki Safara'u ta ce, "Yaya Sanda, wannan sallamar har yaushe? Ka shigo mana, ƙofar ɗakin a buɗe take."

Burushi da gwangwani suna bayan gado, an rufe su da tsohon zanenki. Da na fito, ban iya wuce randa ba sai da na tsuguna, kin san halina. Ƙarafa uku babu su, an daɗe da zubarwa. Na huɗun yana nan a kan yashi, sumul, yana sheƙi, ko ɗigon tsatsa babu. Na ɗaga shi. Man bai ko bushe ba. Safara'u ta ce tun da ciwo ya kwantar da ke kika ɗora mata aikin, kowace safiya, ɗan kaɗan, kuma ba ta daina ba. Dauda yana tsaye a bayana. Sai da na mayar da shi inda yake sannan ya ce in na dawo baɗi in zo da tufafin aiki, kada in sake ɓata nasa.

A nan tsakar gida na ƙarasa rubutun nan, kusa da randa.

Ya Allah, ga baiwarka Hansai ta zo gare ka. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka sauƙaƙa mata tambaya. Ta ga yaro a zaure ba mai ɗauka ta ce a miƙo mata shi, Ya Allah ka karɓe ta da rahamar da ta fi wannan, ka sanya ta a Aljanna Firdausi tare da masu riƙon marayu. Ka jiƙan mijinta da iyayenta, da nawa iyayen da suka riga ta.

Ina miƙa ta'aziyya ga yayana Dauda da matarsa Safara'u, da 'ya'yanta mata Hajara da Asma'u da ke gidajen aurensu, da jikoki, da dangi na Kano da na nan, da abokan sana'arta na layin 'yan gishiri, da Datti da mutanen garejinsa, da dukan jama'ar Unguwar Kanawa. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani in namu lokacin ya zo.

Inna, za a shafa man gobe da safe in Allah ya kai mu. Zan duba ta hagun. Zan sake dubawa.

Sanda
Unguwar Kanawa, Kaduna